Zuwa ga Abba a Guangzhou

Assalamu alaikum Abba, ya kasuwa ya zafin garin. Na kira ka baka ɗauka ba shi yasa na zauna na rubuta, dan Allah ka karanta har ƙarshe.

Kawunka ne ya nuna min hoton da kuka ɗauka ranar buɗe shago kai da abokin cinikin naka, kuma na ga abinda ke bayanku a kan kanta, jar fuska, dogon gemu, ƙaton takobi mai doguwar ƙota, ga lemo an jera masa ga turare na tashi. Kar ka ce min ado ne, na san shi tun kana firamare lokacin da nake zuwa saro kaya. Guan Yu ne, kwamandan yaƙin wani sarkin China na da mai suna Liu Bei, an kashe shi wajen shekarar 220, mutum ne kamar kowa amma da yake an san shi da riƙon amana sai suka yi ta ɗaukaka shi har ya koma abin bauta, ɗan kasuwa na roƙonsa arziki, a Hong Kong ɗan sanda na kunna masa turare ƴan daba ma na kunna masa, kowa na ganin nashi ne.

Shagon na ku biyu ne, mutumin da addininsa, wannan ban ce komai ba. Abinda ya hana ni barci shi ne wai an miƙa maka tsinken turare ka karɓa ka sunkuya. Abba da gaske ne? Kai da ka sauke a gaban kakanka? Na san me zaka ce, kunya ce, kar a ɓata ciniki, ai zuciyarka bata yarda ba. To wlh gara kwantenar ta nutse a teku ka dawo min da kayan jikinka. Hajiyarku tana ta cewa ni na tura ka, eh ni na tura ka, da na bar ka a Kwari kana zaman jiran kastoma fa, me zaku ce yanzu?

Kuma ni ban raina mutanen nan ba. Suna da wani alƙali Bao Zheng, ya rayu shekarar 999 zuwa 1062, wanda a wasanninsu suke shafa masa baƙar fuska da jinjirin wata a goshi, suna cewa har surukin sarki ya sa an sare saboda ya watsar da matarsa ta fari. Wannan ƙila tatsuniya ce, amma tarihi ya rubuta ya yi mulki a Duanzhou, Zhaoqing ta yanzu nan kusa da ku, garin da ake sassaƙa dutsen niƙa tawada mai tsada, ya gama wa'adinsa ya tafi bai ɗauki ko ɗaya ba, kuma ya bar wasiyya duk jikansa da ya ci hanci kar a binne shi cikin dangi. Irin wannan ka yabe shi ka koya, amma shi ma sun gina masa ɗaki suna roƙonsa, to nan ne muka rabu.

In ƙarya aka maka ka yafe min, tsoro ne. In gaskiya ne ka tuba, Allah mai gafara ne, ka faɗa wa abokin naka da daɗin baki cewa kai baka yi, akwai musulmi ƴan ƙasar da yawa ya san zancen. Juma'a ka dinga zuwa masallacin Huaisheng ko da nisa daga unguwar Xiaobei. Yajin da kilishin suna wajen yaron da zai taso ranar Laraba. Ka kira Hajiya ita dai, ni ko daga baya.

Babanka