A kan György Kurtág da yadda ake koya wa yara kiɗa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan György Kurtág, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Hangari, domin a ganina akwai abin da mu mutanen Damagaram za mu ɗauka daga aikinsa.

An haife shi a 1926 a garin Lugoj na ƙasar Romaniya, ya koma Budapest, babban birnin Hangari, a 1946 domin karatun kiɗa. Bayan an murƙushe boren da mutanen Hangari suka yi a 1956 ya tafi Faransa, inda ya shiga ƙunci har tsara kiɗa ya gagare shi, sai wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Marianne Stein, ta ba shi shawarar ya riƙa farawa da sauti biyu ko uku kawai. Da ya dawo gida, kiɗan da ya rubuta wa masu goge huɗu a 1959 shi ya kira aikinsa na farko, ya ajiye na baya gefe. Wasan opera ɗinsa na farko kuwa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa cikin waƙa, sai a 2018 aka nuna shi a gidan wasa na La Scala da ke birnin Milan na Italiya, yana da shekara 92.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Játékok, gajerun kaɗe-kaɗen fiyano da ya fara rubuta wa yara a 1973. A cikinsu an yarje wa yaro ya danna fiyano da tafin hannu ko da dunƙule, ya ja yatsunsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tun kafin a ɗora masa ƙa'idoji. Kuma bai raina waɗannan kaɗe-kaɗe ba, domin shi da matarsa Márta, wadda ta rasu a 2019, sun daɗe suna kaɗa su a manyan zauruka, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a gaban fiyano ɗaya.

A nan Zinder, kakaki da algaita da tambari na fadar Sarkin Damagaram gado ne, ɗa ke koya daga uba, kuma yaron da ba a gidan makaɗa aka haife shi ba da wuya a bar shi ya taɓa ko kalangu. Ina kira ga masu kula da makarantunmu da su gayyaci dattawan makaɗa zuwa aji, a miƙa wa yara kayan kiɗan su riƙe da hannunsu, a kuma naɗi sautin waɗannan dattawa tun suna raye.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Birni, Zinder