Ruwan rani a ƙarƙashin kurmi yake kwana

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan bikin dashen itatuwa da ake yi duk damina, a tara jama'a, a ɗauki hoto, a ce za a dawo da rafukan da suka ƙafe. Na yi aikin malamin gona a tsaunin Mambila har na yi ritaya, kuma abin da idona ya gani shi ne ruwan da muke sha da rani a cikin ƙasar kurmi yake kwana. Itace mai gadi ne kawai.

Akwai gwajin da nake yi wa manoma. In fasa gindin gwangwanin tumatir, in kafa shi a ƙasa, in cika da ruwa. A bakin kurmin Ngel Nyaki, kusa da Yelwa, kafin in miƙe tsaye ruwan ya shige. A fili kuwa, inda shanu suka shekara suna bi, sai mu gama gaisawa da tambayar iyali ruwan yana nan yana kallonmu. Ruwan sama ɗaya, tudu ɗaya, tazarar ba ta wuce jifa ba.

In ka yaye busassun ganyen kurmi za ka ga dalili. Ganyen su ke tare ɗigon ruwa, kada ya daki ƙasa ya toshe mata ƙofofi. Ƙarƙashinsu ga ramukan gara da na tana, ga hanyoyin da saiwoyi suka bari bayan sun ruɓe. Ta nan ruwa ke zurarewa can ƙasa maimakon ya malale. Ita kanta jar ƙasar abin mamaki ce. Yumɓu ce, amma tsatsar ƙarfen da ke cikinta ta dunƙule ta ƙwaya-ƙwaya kamar tsaki, shi ya sa ruwa ke ratsa ta kamar yashi. Wanda ya maƙale a cikin ƙwayoyin kuwa, ƙasar ta riƙe da yawansa gam, saiwa ba ta iya tsotsa. Ke nan abin da taku ɗaya na ƙasar ke ajiye wa tsiro bai taka kara ya karya ba. Zurfi ne ke ceton kurmi. A 1994 masu bincike a Paragominas ta ƙasar Brazil sun ba da rahoton saiwoyi a zurfin kusan mita 18, kuma daga can ƙasa itatuwan ke jawo ruwa su zauna kore shar duk rani. Sauran ruwan da ya wuce saiwa shi ke tsattsafowa a hankali a gindin tudu, ya zama maɓuɓɓuga. Haka kogunan Donga da Taraba ke samun abin kai wa kogin Binuwai a watan Fabrairu, lokacin da ko gajimare babu.

A ƙauyen da na fara aiki akwai wani ɗan kurmi a kan ƙorama. Aka sare shi, wasu don katako, wasu don gona, aka cinna wa sauran wuta, shanu suka bi baya. Ban ware kowa ba, ni ma ina da 'yan shanuna. Ba a yi shekaru da yawa ba ƙoramar ta sauya hali. Da damina ta taho ja wur, ta tafi da gadar itace, da rani kuma mata su yi ta tonon yashi da ƙwarya. Masu bincike a yankin mashigin ruwan Panama sun gwada rafin daji da rafin makiyaya, suka tarar na dajin ya fi ƙarancin ambaliya, ya kuma fi ruwa da rani. Tsofaffin ƙauyenmu ba su je Panama ba, amma abin da suke faɗa ke nan.

Inda nake saɓawa da masu bikin dashe shi ne, itace ma mashayi ne. Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, ta cika Mambila, tana da amfani wajen gini da girki, amma in ka jera ta a kan maɓuɓɓuga sai ta shanye ɗan abin da ya rage. Kuma ƙasar da kofato ya daddaɓe ba ta buɗewa don an soka mata dashe. Sai ganye ya taru, gara da tana sun dawo, wannan kuwa aikin shekaru ne.

Don haka roƙona ga hukumomin gandun daji da sarakunanmu shi ne, kuɗin rumfa da kujerun biki a sayi wayar shinge da shi, a killace kurmin da ya rage a kan kowace ƙorama, a ware wa dabbobi mashaya daga ƙasa, a hana wuta shiga. Wanda ke shakka ya zo Gembu da gwangwaninsa, zan raka shi.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Gembu, Jihar Taraba.