Wasiƙa zuwa ga Bashir kan gilashin motarsa

Winifeg, Kanada
20 ga Oktoba

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya baƙunta? Na yi murna da ka sami mota a birnin Saskatun, nan Kanada, Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. Sai dai hoton da ka turo ya hana hankalina kwanciya, don na hango 'yar tsaga a gefen gilashin gaba, ga shi sanyi ya ƙarato.

Ka fara da tsagar nan, don Allah. A Kano za ka iya shekara da ita ba ta motsa ba. Nan kuwa a watan Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, kai kuma ka kunna hita. Gilashi ɗaya, cikinsa zafi, bayansa ƙanƙara, sai tsagar ta kama tafiya. Yanzu masu gyaran gilashi za su cike ta da wani danƙo cikin ɗan lokaci. In ta miƙe, sai dai a canza gilashin ɗungurungum.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan zafi, don na san dabarar da za ta fara zo maka ke nan. Ni ma ita ta zo mini a shekarata ta farko. Na makara aiki, gilashi ya daskare, na ɗebo ruwan zafi a buta na kwarara. Ban gama zubawa ba na ji "tas", tsaga ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Kada ka kuskura. Ka tayar da mota, ka juya iskar hita zuwa gilashi, ka ba ta kamar minti 10, sannan ka sa abin kankarewa na roba. Ban da wuƙa, ban da makulli. Kafin ka tayar, ka duba ko dusar ƙanƙara ta toshe bakin salansa, kuma kada ka ɗumama mota a cikin gareji a rufe. Hayaƙin nan yana kisa shiru, gubarsa ba ta da wari.

Sai ruwan waifa. Wanda ke cikin tankin yanzu mai yiwuwa na lokacin zafi ne, zai daskare har ya fasa tankin. Ka fesa shi ya ƙare, ka zuba wanda aka rubuta wa -40 a jikin jarka, wato wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ka ajiye wata jarkar a but. Za ka yi mamakin yadda yake saurin ƙarewa, saboda gishiri da yashin da ake watsawa a titi suna haɗuwa su zama laka, kowace babbar mota ta wuce sai ta watsa maka. Waifa kuma ka sa na sanyi, masu rufin roba. In sun manne da gilashi kada ka kunna su, robar za ta yage.

Akwai gumin da gilashi ke yi ta ciki, musamman in kun cika mota da yara, kowa na numfashi, takalma jiƙe. Ka kunna na'urar sanyaya iska tare da hita, ita ke busar da iskar, ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki a ciki. Gilashin baya yana da siraran wayoyi masu ɗumama shi, kada ka kankare shi ta ciki, za ka tsinke su. Gilashin ƙofa in ya ƙi sauka, ka rabu da maɓallin har mota ta yi ɗumi.

Za ka ga wasu sun share ɗan wuri kamar faɗin faranti, suna tuƙi suna leƙe. Abin nan yana ɓata mini rai ƙwarai, a watannin da gari ke yin duhu tun wajen ƙarfe 5 na yamma, yara kuma suna tsallaka titi. Ka share gilasai duka, da madubai, da fitilu, da rufin mota, don dusar da ke sama tana zamowa ta rufe maka gaba da zarar ka taka birki.

In ka kai motar wajen mai gilashi ka kira ni in ji abin da ya ce. In Allah ya yarda muna tafe a hutun Disamba. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Usman