Amsa Ga Mai Tambaya: Shin An Yi Wa Hamilton Ƙwace A 2021?

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka tsare ni a gaban jama'a da tambaya, ka ce in faɗi tsakanina da Allah ko ƙwace aka yi wa Lewis Hamilton a tseren motoci na Formula 1 na 2021, kuma ka ce kada in yi maka kwana-kwana. To ga amsata: an zalunci Hamilton a tseren ƙarshe na shekarar a Abu Dabi, amma ba Max Verstappen, wanda ya ɗauki kambun, ne ya zalunce shi ba.

Ranar 12 ga Disamba, 2021, su biyun suka isa filin Yas Marina kowa da maki 369.5, bayan tsere 21. Hamilton ya karɓe gaba tun daga tashi, ya riƙe ta kusan duk tseren, har ya ba da tazarar fiye da daƙiƙa goma. Saura zagaye biyar cikin 58, Nicholas Latifi na ƙungiyar Williams ya daki katanga, aka fito da motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu. Nan take ƙungiyar Red Bull suka kira direbansu Verstappen suka sa masa sababbin tayoyi masu laushi. Mercedes, ƙungiyar Hamilton, ba su iya yin haka ba, domin da Hamilton ya tsaya da ya sauka daga gaba, kuma bisa yadda aka saba, alama ta nuna a bayan motar nan tseren zai ƙare.

A nan ne alƙalin tseren, Michael Masi, ya ɓata rawarsa da tsalle. Ƙa'ida ta ce motocin da na gaba suka riga da cikakken zagaye su wuce su koma layinsu, sannan motar rage gudun ta janye a ƙarshen zagaye na gaba. Shi kuwa biyar kawai ya bari suka wuce, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Verstappen, ya bar sauran, kuma ya janye motar a wannan zagayen, sai ya rage zagaye ɗaya na tsere. Sabuwar tayar Verstappen da tsohuwar ta Hamilton da ta yi zagaye arba'in da wani abu, ai ba sai an faɗa maka ba. Verstappen ya wuce shi a kwana ta biyar. A Fabrairun 2022 hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta sauke Masi, a Maris kuma rahotonta ya amsa cewa kuskuren ɗan'adam ne, sai dai sakamako ya zauna.

Amma ƙanena, ku magoya bayan Hamilton kun ɗauki zagaye ɗaya kun rufe shekara guda da shi. Verstappen ya ci tsere 10 a shekarar, Hamilton 8. A Baku Verstappen yana gaba tayarsa ta fashe. A Silverstone ta Birtaniya sun yi karo, Verstappen ya daki katanga har aka kai shi asibiti a duba shi, Hamilton kuwa ya sha hukuncin daƙiƙa goma ya kuma ci tseren. A Hangari Valtteri Bottas, abokin Hamilton a Mercedes, ne ya haddasa haɗarin da ya lalata wa Verstappen mota. Lissafa makin nan ka gani.

Ba wanke Verstappen nake yi ba. Tuƙinsa a Barazil da Jidda akwai ganganci a ciki, kuma rabin makin da aka raba a Beljiyam bayan an ɗan zaga cikin ruwan sama ba tare da tsere ba, shi ya fi cin moriyarsa. Ni kaina Hamilton nake so ya ɗauki kambu na takwas ya zarce Michael Schumacher mai kambu bakwai, musamman bayan abin da Hamilton ya yi a Barazil, inda ya taso daga na goma ya zo na ɗaya. Daren nan ban iya cin abinci ba.

Sai dai a zagayen ƙarshe, me kake so Verstappen ya yi? An buɗe masa hanya, ga taya sabuwa, ya taka. Ko Hamilton da kansa sai da ya je ya ba shi hannu kafin su hau dandamali. An tashi Verstappen na da 395.5, Hamilton 387.5, Mercedes kuma suka tafi da kambun ƙungiyoyi karo na takwas a jere.

Ka gai da mutanen gida.

Yayanka a harkar tsere.