A Riƙa Koya Wa Ɗaliban Da Ake Turawa Ƙananan Hukumomi Aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan ɗaliban da ake turawa ƙananan hukumomi don sanin makamar aiki. Ni ma na yi, wata 4 cur, bayan shekarata ta farko ta difloma, a wata sakatariya da ke cikin birnin Kano.

Mu bakwai aka tura. Makon farko a kan benci muka ƙare shi, muna kallon masu shiga da fita. In an tuna da mu, to aike ne: sayo ruwan leda, kai takarda a yi mata hoto. Kafin wata ya cika, huɗu sun daina zuwa, sai ranar Juma'a su kawo littafinsu na rubuta aikin da aka yi kullum a sa musu hannu. Ban ga laifinsu sosai ba. Wa zai biya kuɗin adaidaita sahu kullum don ya zo ya yi gadin benci?

Ni Allah ya haɗa ni da wani dattijo a rajista, wato ofishin ajiye fayiloli, kowa Baba yake ce masa. Ranar da ya ga ina gyangyaɗi ya ce, "Yaro, taso ka riƙe min wannan." A hannunsa na koyi buɗe fayil, da sa wa kowane shafi lamba don kada wani ya zare takarda a rasa gane an zare, da yadda ake rubuta minti, wato bayani a kan fayil, gajere wanda shugaba zai karanta ya gane nan take. Ya nuna mini hanyar da baucha, wato takardar biyan kuɗi, ke bi kafin ma'aji ya saki ko sisi. Har ya roƙa aka bar ni na bi duba-gari kasuwa kwana uku, na ga yadda ake fama da masu toshe kwata.

Abin da ya fi zauna mini a rai wata tsohuwa ce da ta zo da jikanta neman takardar shaidar asali, zai shiga makaranta. Sau uku suna zuwa ana ce musu su dawo. Baba ya zaunar da ita, ya yi mata bayanin cewa sai an faro daga mai unguwa, a bi ta dagaci zuwa hakimi, ya rubuta wa yaron matakan a guntuwar takarda. Da suka dawo suka karɓa, addu'ar da ta yi masa ta sa na ji ƙwalla. Ranar na fara sha'awar wannan aiki da abokaina ke rainawa.

Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan ƙananan hukumomi, 44 cikin 774. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. To in kuɗin sun zo, su wa za su riƙe littattafan? Tun 1973 hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata ta kafa wannan shiri na sanin makamar aiki, wato SIWES, don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, ba don ya tara sa hannu a littafi ba.

Roƙona ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha da ciyamominmu shi ne, duk ɗalibin da aka karɓa a damƙa shi hannun ma'aikaci guda, da sunansa a rubuce, a kuma zagaya da shi sassan ma'aikata, kuɗi, ayyuka da lafiya. Ko ɗan kuɗin mota aka ba shi zai rage masu gudu. Malaman da ke zuwa duba mu kuma su riƙa tambayar ɗalibi abin da ya iya, a gaban mai koya masa.

Na leƙa Baba makon jiya. Ya ce shekararsa 35 ta kusa cika, zai ajiye aiki bayan Sallah, kuma har yanzu ba a ba shi wanda zai zauna kusa da shi ya karɓi rajistar ba.

Naku,
Wani ɗalibi mai karanta jaridarku,
Kano.