Kafin a ɗauki gam, a fara fitar da gishiri

Ya Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu sha'awar mayar da tarkacen bakin teku kayan ado. Sana'a ce ta gaske; a Kenya, kamfanin Ocean Sole yana sassaƙa giwaye da raƙuman dawa daga tsofaffin silifas da teku ta turo. Abin da ke damunmu shi ne yawan aikin da ke wargajewa bayan wata biyu, kuma kusan kullum gishiri ne sila.

Itacen da ya daɗe a teku ya sha gishiri har cikinsa. Gishirin yana jawo danshi, sai fenti ya ɓare, ƙusa ta yi tsatsa ta bar jan tabo a jiki. A jiƙa itacen cikin ruwan daɗi mako guda, ana canja ruwan kullum. Sannan a tsoma shi 'yan awoyi cikin bilic kofi 1 a ruwa kofi 9 don kashe ƙwari da fumfuna, a ɗauraye, a shanya a inuwa mako 2 ko fiye. Rana mai zafi tsaga shi take yi.

Roba kuma a juya ta a duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku. Mai lamba 2 da 5, irin jarka da murfin kwalba, gam na yau da kullum ba ya kama su komai yawansa. Huda su ake yi, a ɗinke da wayar tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Wadda rana ta cinye har tana marmashewa a hannu, a bar ta. Kada a narka roba da wuta, musamman mai lamba 3. Hayaƙinta guba ne.

Silifas ya fi sauƙi: a wanke, a goge fuskokin da samfefa, a shafa gam ɗin masu gyaran takalmi gefe biyu, a jira kamar minti 10 ya sha iska, a matse, washegari a sassaƙa da wuƙa.

Gilashi da bawon katantanwa a cikin ruwa ake huda su, sannu a hankali, don kada su fashe, kada kuma a shaƙi ƙurarsu. A leƙa cikin bawon tun a gaɓa, domin ƙaramar ƙaguwa kan mayar da shi gida. Kuma don Allah kada a tona shara ba safar hannu mai kauri; allurar sirinji da ƙugiyar kamun kifi suna ɓuya a ƙarƙashin raga.

Naku,
Wasu masu aikin ado da kayan bakin teku