Zuwa ga angon Fatakwal, kan rigimar kuɗin cefane

Assalamu alaikum, Ango.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amarya. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kano hunturu ya kankama, ƙafa sai kaushi. Su Inna suna gaishe ka, sun ce tun biki ko ƙeyarka ba su gani ba.

Saƙonka ya iso, kuma ka yi haƙuri, sai da na yi dariya. Ka ce kuɗin cefanen wata ba ya kai kwana 20, kayan miya na ruɓewa, wake ya yi ƙwari, har ka fara zargin amarya da almubazzaranci. Tsaya tukuna, yaushe rabonka da shiga kasuwa da ƙafarka? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tumatirin da ya taso daga Kadawa ya kwana a mota har Fatakwal, da kuɗin motarsa a ka yake iso muku, kuma a galabaice.

Sannan yarinyar nan a Kano ta tashi, inda ake shanya kuɓewa da hantsi a kwashe ta ƙamas kafin magariba. Can kuwa iskar ma a jiƙe take. Ka tuna tukunya cikin tukunyar nan, mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000? Mu nan tana riƙe mana tattasai da yalo kwana da kwanaki, don busasshiyar iska ce ke jan ruwan ta sanyaya ciki. A wajenku wahalar banza ce. Ku dai kada ku bar kayan gwari a ƙulle cikin leda, kada a wanke su sai za a ɗora girki, albasa kuma a baza ta inda take shan iska, nesa da dankali. Tumatir in ya yi yawa a niƙa, a tafasa har ruwan ya tsotse, in babu wuta a riƙa ɗumamawa safe da yamma. Wake a shanya shi sosai, a ɗura a busasshiyar jarka har wuya, a toshe bakin. Ƙwaron da bai samu iska ba mutuwa yake. Don Allah kar wani ya ce ku yayyafa masa fiya-fiya, guba ce. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, ba ta da wani gyara.

Da ka ce kullum sai an sayi dunƙule, nan ne na daina dariya. Bara aka gano Baba yana da hawan jini, sai gida duka ya koma makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Shi kuwa dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, mu zuba shida a tukunya, mu ƙara gishiri, mu zo kuma mu barbaɗa yaji. Maman yara ta koma wa daddawar kalwa, da citta, tafarnuwa, masoro, kimba da ɗan garin busasshen kifi, dunƙule ɗaya ko biyu. Makon farko na yi ta mita wai miya salam. Yanzu in na ci a waje ji nake kamar an juye min gishiri a baki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Amarya ta san nawa kake ɗauka a wata? Na san amsar, don ni ma shekara biyu na yi ina ɓoye albashina kamar layar kaka. Ina ajiye kuɗi in fita, in ta ce bai isa ba in haɗe rai, ita kuma tana ganin rowa ce. Ashe baiwar Allah daga ribar ƙosanta take cikawa, ba ta taɓa faɗa min ba. Ranar da na sani kunya ta kama ni, don ciyarwa a wuyana take, kuɗinta kuwa nata ne, in ta taimaka kyautatawa ce ta yi.

Yanzu in albashi ya shigo, bayan isha'i muke zama da littafi. A fitar da na haya, a sayi shinkafa, wake da mai na wata gaba ɗaya, saura a raba mako-mako a hannunta. Na daina tambayar canji. Ita ta kawo shawarar mu shiga adashi, kuma kwasar da muka yi da kaka da ita muka sayo buhun gero da na masara a Dawanau, lokacin suna araha.

Ranar Asabar ka riƙe mata jaka ku shiga kasuwa tare, kai ka yi cinikin, sai ka rubuto min yadda ta kaya. Na haɗa muku kauɗar tumatir, kuka da daddawa, zan ba direban da ke tahowa ranar Litinin. Ta zuba su a kwalba mai murfi tun ranar da suka iso. In zai dawo ka saka min galan ɗin manja, maman yara ta dame ni.

A gaida amarya da kyau.

Naka,
Abokinka na Ƙofar Mata